Ragon da Muka Binne a Tsibiri

A shekarar da na fara koyarwa ba ni da aji na kaina. An ɗauke ni ne in taimaka wa babban malamin sashen kiwo a jami'ar garinmu. Shi yake ba da darasi a babban ɗaki, ni kuma in zauna da ɗalibai rukuni-rukuni mu maimaita, sannan in fita da su ƙauyuka su ga abin da idonsu. Darasin kuwa shi ne cututtukan da suka fi addabar bisashen gida, wato awaki da tumaki da shanu da kaji. Ban fi wata huɗu da karɓar takardar kammala karatuna ba, kuma cikin ɗaliban akwai waɗanda suka girme ni. Saboda haka darasin awa biyu sai ya ci mini kwana uku ina shirya shi. Ina zaune a lokacin a gidan mahaifina a Sabon Gari, a ɗakin da ke bayan shagonsa na ɗinki, kuma ƙarar kekensa ce ke raka ni ina bin littafi uku a kan cuta ɗaya don in ga inda suka saɓa wa juna. Inda suka saɓa, sai in faɗa wa ɗalibai sun saɓa. Inda ban sani ba, sai in ce zan duba in dawo. Daga baya na ji cewa suna kwaikwayon muryata a kan wannan magana, amma babu wanda ya taɓa yi a gabana.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne haɗa sunayen da ke cikin littattafan Faransanci da sunayen da mutanenmu suka sani. Makiyayi yana sa wa cuta suna ne bisa abin da ya gani, don haka suna ɗaya yakan rufe cuta biyu, cuta ɗaya kuma takan amsa suna uku daga nan zuwa Gidan Rumji. Boru da kirci da ciwon hanta ba su ba ni wahala sosai ba. Wadda na fi daɗewa a kanta ita ce saifa.

Saifa takan kashe rago ko saniya cikin ƴan awoyi, wani lokaci ba tare da an ga alamar ciwo ba. Baƙin jini yakan fito ta hanci ko ta dubura, bai cika daskarewa ba, gawar kuma ta kumbura da wuri. Idan aka buɗe gawar, ƙwayar cutar ta sha iska, sai ta yi wa kanta ɓawo ta zauna cikin ƙasa shekara da shekaru tana jiran wata dabbar. Tana kama mutum ta fata, tana kama shi ta nama. Dokar da na rubuta a allo, na kuma ja mata layi, ita ce: dabbar da ake zargin saifa ta kayar, ba a feɗe ta, ba a ci, sai a ƙone ta ko a binne ta da zurfi.

A fitarmu ta uku muka je Jiratawa, wurin masu lambu da ke turke shanun noma a bakin gonakinsu. Ina cikin bayani sai wani dattijo da ke sauraro ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana wani tabo mai faɗin bakin kofin shayi a damtsensa. Ya ce tun yana saurayi ya feɗe wata saniya da ta faɗi farat ɗaya, bayan kwana uku wani baƙin gyambo ya fito masa a wurin. Shi ya tashi, ƙaninsa da ya ci naman bai tashi ba. Ɗalibai suka matso suna duban tabon. Wata ɗaliba da ke zuwa daga Tsibiri kowace safiya, wadda ta fi kowa yawan tambaya a aji, ta sa shi ya maimaita labarin tana rubutawa a kayenta, wato littafin rubutunta.

Sai dai a ƙasarmu dabba ba ta mutuwa da kanta muddin akwai mai wuƙa a kusa. Da zarar an ga rago ya faɗi yana shure-shure, sai a yi maza a riga shi da wuƙa kafin rai ya fita, don kada ya zama mushe a yi hasara biyu. Ba ganganci ba ne. Wanda ya ɗebi shekara yana ciyar da dabba ba zai tsaya yana kallo ta tafi a banza ba. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda dokar da na ja wa layi za ta yi idan ta haɗu da wannan al'ada a tsakar gida ɗaya ba.

A shekarar, Layya ta faɗo ne a farkon damina. Ranar wata Asabar, saura kwana biyar ko shida Salla, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Ɗalibar nan ce.

"Malam, kana gari?"

Na ce ina gari.

"Ragon kakata ne. Da safe lafiya lau yake. Ɗazun nan ya fara rawar jiki yana haki, ya faɗi, kawuna ya riga shi da wuƙa. Ni ina gidanmu na ji hayaniya na zo. Malam, akwai jini a hancinsa. Mahauci ya tsaga ƙafar zai sa baki ya hura, na hana shi. Ni kaɗai ce, kowa faɗa yake yi mini."

Na ce kada ta bari kowa ya taɓa shi, ina zuwa. Na kira babban malaminmu, wayarsa ba ta shiga ba, yana kan hanyar dawowa daga Yamai. Na kira jami'in kiwo na yankin, ya ce yana wani ƙauye mai nisa wurin allurar rigakafi, ba zai iso ba sai gobe. Ya ce idan ina shakka in bi doka, in kuma ɗebi jini don gwaji. Na zuba safar hannu da ƴan gilasan ɗibar jini da kwalbar jabel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a jaka, na tari kabu-kabu.

Na tarar da gidan cike. Ragon yana kwance kusa da turkensa, babban farin balami mai ƙiba, wuyansa a yanke. Ɗalibata tana tsaye tsakaninsa da mutane, ta riƙe bakin hijabinta da hannu biyu. Kawunta, mutum mai furfura a gemu, yana tsugune da wuƙar a gabansa. Mahaucin kuwa ya kifa turmi ya zauna a kai, ya dube ni sama da ƙasa.

"Wanga shi ne likitan?" in ji shi. "Na zaci dattijo za a kawo muna. Samari, shekara talatin ina hura bisashe da bakin nan nawa, ko mura ban taɓa ɗauka ba."

Na gaishe shi, na gaishe da kawun, na sa safar hannu na tsuguna. Zan faɗi abin da na gani kamar yadda na gan shi. Jinin yankan ya riga ya shige cikin yashi, rana ta mayar da shi ƙasa-ƙasa, ba a iya cewa baƙi ne ko ja, ya daskare ko bai daskare ba. Akwai kumfa mai jini a hanci, amma yanka kansa yakan turo jini ta hanci. Ciki ya fara tashi, amma rana ta yi zafi kuma rago ne da ya ƙoshi. Ƙafafu ba su sandare ba, amma bai kai awa biyu da faɗuwa ba. Kowace alama da na koyar a aji tana nan, kuma kowace tana da fassara ta biyu da ba ta da haɗari. Hanya ɗaya da za ta raba gardama nan take ita ce a buɗe cikin a duba saifar, kuma ita ce hanyar da aka hana.

Na tambayi kawun abin da ragon ya ci da safe.

"Abin da ya saba," in ji shi. "Dusa da harawa."

Na rubuta. Ragon na kakar ɗalibata ne, ita ke ba shi ci da sha, amma tana cikin ɗakinta, kuma baƙon namiji idan ya shiga gida da maigida yake magana. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, ta amsa a hankali, na koma wurin maza.

"Malam," kawun ya ce, "kai ka tabbata saifa ce?"

Na ce ban tabbata ba.

Wurin ya ɗauki surutu. Mahaucin ya miƙe ya tafa hannu. "Kun ji da kunnenku! Bai tabbata ba. A kan bai tabbata ba za a ba ƙasa naman da zai ishi gida goma."

Na jira suka lafa, sannan na yi bayani iyakar iyawata. Na ce idan aka ci, ya zama ba saifa ba ce, an ci nama lafiya. Idan kuwa ita ce, wanda ya hura da wanda ya feɗe da wadda ta wanke kayan ciki da yaran da za su sha romo duk suna cikin haɗari, kuma ƙasar gidan za ta riƙe cutar har bayan ranmu. Na ba su labarin dattijon Jiratawa. Na ce zan ɗebi jini, ranar Litinin a duba shi da madubin ganin ƙwayoyin cuta, amma nama ba zai jira Litinin ba.

Kawun ya ce ragon ba nasa ba ne, sai abin da mai shi ta ce.

Tsohuwar ta fito tana dafa bango, domin gwiwarta ɗaya ba ta da lafiya. Ƴar ƙarama ce, idanunta sun yi ja. Ba ta dubi ragon ba, ni ta duba.

"Ɗan nan, tun bai daina bin uwarsa ba na kawo shi gidan nan. Shekara biyu. Tun da malam maigidana ya rasu ban yi Layya da abin hannuna ba, bana na ce zan yi." Ta juya ga jikarta. "Ke, abin da ake koya muku ke nan?"

"Shi ne, Kaka."

"To ku binne shi. Ba ni cin naman da zan ci ina duban yara ko wani zai kwanta."

Ta koma ɗaki. A nan ma ban tambaye ta abin da ragon ya ci ba, domin na riga na rubuta amsa a takarda, kuma abin da aka rubuta ba ya sake yi wa mutum kama da tambaya.

Na tsaga kunnen ragon na shafa ɗan jinin da ya rage a gilashi uku. Aka haƙa rami a bayan gida har ya shanye mutum, muka naɗe ragon a tsohuwar tabarma muka ɗauke shi ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Aka kwashe yashin da ya sha jini aka zuba a ramin, aka tara karare a wurin turken aka cinna wuta. Na wanke hannun kawun da na mahaucin da wuƙaƙensu da jabel. Sannan, a ƙofar gida, maƙwabta na tsaye suna ji, na ce awakin tsohuwar guda uku kada su sake bin garken unguwa sai sakamako ya fito, kada kuma dabbar kowa ta shiga gidan. Na faɗi kalmar saifa da ƙarfi don kowa ya ji ya kiyaye. Kowa kuwa ya ji.

Ranar Litinin ni da babban malaminmu muka rina gilasan da shuɗin ruwa muka zauna gaban madubi. Na bi gilashi na farko gefe zuwa gefe, na bi na biyu, na bi na uku, shi ma ya bi. Babu ƙwayar saifa ko ɗaya.

"Ban ga komai ba," in ji shi. "Ni a ganina guba ya ci. Me aka ce ya ci?"

Na ce dusa da harawa. Ya ɗaga kafaɗa. Na tuna masa cewa jinin da aka ɗiba daga dabbar da aka riga aka yanka yakan yi ƙaranci, ana iya rasa ƙwayar ko da tana nan.

"Haka ne. Ka ba shi mako guda. Idan awakin suna tsaye, hannun wanda ya yanka bai fitar da komai ba, ka je ka sallame su. Amma ka je da ƙafarka, kada ka bar su shiru."

Na kira ɗalibata na ce ba a ga komai ba tukuna, a ci gaba da jira. Maganar gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Mako ya cika ana cikin hutun Salla, na ce bari a dawo. Na sake buɗe littattafaina na sami wanda ya ce a jira mako uku, na riƙe shi. A lokacin ina ce wa kaina taka-tsantsan nake yi, kuma akwai taka-tsantsan a ciki. Amma yanzu na san akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Muddin ban je ba, ragon yana nan a matsayin wanda wataƙila saifa ta kashe. Ranar da na je, ya zama ragon Layyar tsohuwa da wani sabon malami ya sa aka binne.

Ranar da aka koma karatu, bayan na gama darasi a kan tsutsar ciki, ɗalibata ta jira kowa ya fita.

"Malam, yau kwana goma sha shida awakin Kaka suna ɗaure. Makiyayin unguwa ya ce ba ya ɗaukarsu sai ya ji daga bakin wanda ya hana. Ita ke fita da gwiwar nan tana yanko musu ciyawa. Matan da ke zuwa daka a gidanta sun daina. Ranar rabon naman Salla kowa ya aiko mata, wallahi ba wanda ya manta da ita, amma ta kan danga ake miƙowa. Gidan saifa ake ce wa gidan yanzu." Sannan ta ce, "Malam, ni na jawo mata, ko?"

Na ce mata abin da ta yi daidai ne, kuma ko a jarrabawa aka ba ta wannan tambaya amsar da ta bayar ita ce amsa. Na ce kwana goma sha shidan nan ba nata ba ne, nawa ne. Na tambaye ta lafiyar awakin da hannun kawunta, ta ce ƙalau. A gabanta na kira jami'in kiwo na faɗa masa sakamakon da kwanakin da suka wuce, ya ce a wurinsa babu sauran dalilin tsare su.

Washegari bayan azahar na tafi Tsibiri. Wannan karon na roƙi kawun ya yi mini iso wurin mahaifiyarsa. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwar ɗakinta, kusa da baƙin tabon da wuta ta bari a wurin turken. Jajayen awakin uku suna ɗaure a wani lungu, sun ɗan rame. Na faɗa mata ba a ga saifa ba, na faɗa mata tun yaushe na sani, na kuma roƙe ta gafara a kan jinkirin. Sannan na yi tambayar da ya kamata in yi tun ranar farko.

"Inna, ranar da ya faɗi, me kika ba shi da hannunki?"

Ta gyara bakin zanenta.

"Dusa," in ji ta. "Da ɗan ɗanye."

"Wane ɗanye?"

"Ka san bayan shuka ruwa ya ɗauke. A gonarmu ta fadama tushen dawar bara ya tsiro, ya yi kore shar, sai rana ta dake shi ya fara yaushi. Na ce tun da asara zai yi, bari in yanko wa ragona. Kwando guda. Shi kaɗai na ba, awakin ban ba su ba, shi ne ɗan gata."

Gyauron dawa ke nan. Ƙaramar dawar da fari ya taɓa takan tara guba mai kashe dabba cikin awa guda, da rawar jiki da haki, daidai yadda aka kwatanta mini a waya. Yana cikin darasin mako na bakwai. Na fara yi mata bayani, ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, ba kai za ka gaya mini gyauro ba. Tun ina budurwa ake korar bisashe daga gare shi. Na shanya shi yini guda, na zaci ya huce." Ta dubi baƙin tabon da ke wurin turken. "Tun da ya faɗi zuciyata ta ba ni. Da ka ce saifa, sai na ce to, wataƙila ba ni ba ce."

Na ce da na tambaye ta a ranar, da ba a kai ga haka ba.

"Da ka tambaye ni a gaban mutanen nan, ban san ko da na faɗa ba. Kada ka ɗora wa kanka duka, bar mini rabona."

Na gaya mata cewa shanyar yini guda ba ta kashe gubar, sai ya bushe ƙarau, kuma gara a bar shi gaba ɗaya. Na ce yanzu zan je ƙofar masallaci in warware maganar da na ɗaura, amma mutane za su tambayi abin da ya kashe ragon, ni kuwa ba zan iya faɗin abin da ba shi ne ba.

"Ka ce musu ba saifa ba ce. Wannan taka ce. Maganar gyauro tawa ce, ni zan gaya wa mata da bakina, don akwai masu yankowa irin nawa."

Bayan sallar la'asar kawun ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci. Mai unguwa yana nan, mahaucin yana nan, makiyayin unguwa ma an kira shi, dogon mutum da sanda a kafaɗa. Na ce ni ne na zo ranar Asabar ɗin nan na ambaci saifa. An duba jinin ba a same ta ba, kwanaki sun wuce babu dabba ko mutum da ya kamu, don haka gidan lafiya yake, awakin ma lafiya suke. Na ce abin da ya kashe ragon wani abu ne da ya ci, ba ya yaɗuwa, kuma mai ragon za ta yi bayaninsa da kanta.

"To, likita," in ji mahaucin, "sai mu ɗauko dagi mu tono shi ko? Ƙila ya yi laushi yanzu."

Aka yi dariya, har da mai unguwa. Na bari ta wuce. Na ce idan gobe aka kira ni na tarar da abin da na tarar ranar nan, ba tare da na san abin da dabbar ta ci ba, zan sake cewa a binne. Kuskurena shi ne ban tambayi mai ciyar da ragon ba, kuma da sakamako ya fito na zauna a kansa.

Makiyayin bai yi dariya ba. Ya sauke sandarsa ya dogara a kai.

"Ni awakin mutane sittin da wani abu nike kora. In ɗauki nata ko in bari?"

Na fara cewa bisa ga abin da gwaji ya nuna, da kuma adadin kwanakin da suka wuce, mafi rinjayen zato shi ne babu haɗari. Ya katse ni.

"Malam, ni ban san rinjaye ba. In ɗauka ko in bari?"

"Ka ɗauka."

"In wata ta faɗi fa?"

"Ka ce ni na ce. Ga lambata, ka kira ni."

Ya miƙo mini tsohuwar wayarsa na sa masa lambar. Daga nan ya bi mu har gidan, ya shiga ba tare da ya tsaya a zaure ba, ya kama awakin ɗaya bayan ɗaya yana buɗe bakinsu yana duba idanunsu. Ya ce wa tsohuwar ta kwance su da sassafe, zai biyo.

Na tashi zan tafi, tsohuwar ta ce ba a shiga gidanta sau biyu a fita da baki busasshe. Ɗalibata ta kawo fura a ƙwarya, an dama ta da nonon jar akuya. Na riƙe ludayin ina dubanta, na rasa yadda zan yi tambayar da ke bakina. Ɗalibar ta sunkuyo ta ce a hankali, "An dafa nonon, Malam. Ni na dafa shi." Na sha ludayi biyar ko shida a tsakar gidan, inda duk mai wucewa ta bayan danga zai gan ni.

Ina cikin sha wata maƙwabciya ta leƙo ta kan dangar, ta gaishe mu, sannan ta tambayi tsohuwar ko rariyarta tana kusa, a miƙo mata.

"Ba ni miƙowa," in ji tsohuwar. "Ƙafarki ba ta karye ba. Zagayo ki ɗauka."

Matar ta yi dariya, ta sauka daga kan abin da ta taka. Jim kaɗan muka ji sallamarta a zaure.